Yadda za ka sa Access ya riƙa gano teburorinsa duk inda ka kai foldar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da bayanan ɗaliban makarantarmu a Microsoft Access. Na raba rumbun gida biyu, fom-fom da rahotanni a fayil ɗaya, teburori a ɗayan. A kwamfutar ofis komai lafiya lau, amma da na kwafe foldar a filashi na kai gida sai ya ce bai ga fayil ba, yana ta neman adireshin kwamfutar ofis. Babu yadda zan gaya masa ya duba cikin foldar da yake zaune kawai?

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai yadda za a yi, sai dai ba wani maɓalli ba ne da za ka danna a wuce wurin. Access ba ya ajiye adireshin tebur da aka haɗo daga wani fayil sai cikakke, tun daga harafin faifai har zuwa sunan fayil. Don haka dabarar ita ce ka sa fayil ɗin da ke ɗauke da fom-fom ya duba inda yake a duk lokacin da aka buɗe shi, ya ƙirga inda ɗan'uwansa yake, ya gyara adireshin da kansa kafin a taɓa komai. Zan ba ka lambar da ke yin wannan, wato rubutaccen umarni (code) da Access zai bi. Amma ka yi haƙuri ka karanta har ƙasa, domin saƙon kuskuren da ya dame ka shi ne mafi sauƙin abin da ke faruwa a wannan harka. Mai haɗarin shi ne ranar da babu saƙon kuskure ko ɗaya, alhali kana rubutu a cikin fayil ɗin da ba shi kake nufi ba.

Don mu fahimci juna, fayil mai fom-fom, kweri da rahotanni zan kira shi fayil ɗin aiki. Mai teburori kuma fayil ɗin ajiya. In ta Database Tools ka raba su, za ka ga Access ya liƙa wa na ajiyar _be a ƙarshen suna.

Teburorin da kake gani a fayil ɗin aiki masu 'yar kibiya a gefe babu komai a cikinsu. Abin da ke wurin sunan tebur ne da rubutu layi ɗaya mai nuna inda ainihin teburin yake. Ka ɗora linzami a kan ɗaya daga cikinsu ka ɗan jira, adireshin zai bayyana. In kana son ganinsa yadda Access ya ajiye shi, danna Ctrl da G, a tagar da ta buɗe ka rubuta wannan ka danna Enter:

?CurrentDb.TableDefs("Dalibai").Connect

Zai ba ka amsa mai kama da haka:

;DATABASE=C:\Users\Ofis\Documents\Makaranta\Makaranta_be.accdb

Wannan layin shi ne dukan matsalar. Kamar wasiƙa ce da aka rubuta wa gari, unguwa, layi da lambar gida. In mutanen gidan sun tashi, ɗan aike zai ci gaba da zuwa tsohon gida, ko da kuwa shi da su mota ɗaya ta kwaso su. A gida sunan mai kwamfutar daban ne, filashin da ya fito a E a ofis yana iya fitowa a F ko G, saboda Windows kan ba shi harafin da ya samu babu kowa a kai.

Wasu za su ce maka ka goge gaban adireshin ka bar sunan fayil kaɗai. Kada ka dogara da wannan. In aka ba Access guntun adireshi, ba gefen fayil ɗin aiki yake dubawa ba. Foldar da Windows ke ɗauka a matsayin wurin aikinsa na wannan lokacin yake dubawa, wadda sau da yawa Documents ce, kuma takan canza da zarar ka buɗe ko ka ajiye wani abu a wata folda. Yau ya yi, gobe ya ƙi, ba ka san dalili ba. Akwai kuma Linked Table Manager a ƙarƙashin External Data, wanda da shi za ka nuna sabon wuri da hannu. Yana aiki sarai, kuma in sau ɗaya a shekara kake ƙaura ya ishe ka. Amma mai yawo da filashi kullum zai gaji, kuma ba kowane malami ko akawu za ka sakar wa wannan tagar ba.

Abin farko, tsara foldar. Folda ɗaya, ka ce mata Makaranta. A cikinta fayil ɗin aiki, sai ƙaramar folda mai suna Ajiya wadda fayil ɗin ajiya ke ciki, sai wata mai suna Hotuna in kana ajiye hotunan ɗalibai. Daga yau wannan babbar foldar ce ke tafiya gaba ɗayanta, ba a cire ɗaya a bar ɗaya.

Sannan ka buɗe fayil ɗin aiki, danna Alt da F11, ka zaɓi Insert, sai Module, ka zuba wannan:

Public Function SabuntaHadi() As Boolean
    Const AJIYA As String = "Ajiya\Makaranta_be.accdb"
    Dim db As DAO.Database
    Dim t As DAO.TableDef
    Dim fso As Object
    Dim sabo As String, layi As String
    Dim w As Long

    On Error GoTo Matsala
    sabo = CurrentProject.Path
    If Right(sabo, 1) <> "\" Then sabo = sabo & "\"
    sabo = sabo & AJIYA

    Set fso = CreateObject("Scripting.FileSystemObject")
    If Not fso.FileExists(sabo) Then
        MsgBox "Ba a ga fayil din ajiya ba:" & vbCrLf & sabo, vbCritical
        Application.Quit
        Exit Function
    End If

    Set db = CurrentDb
    For Each t In db.TableDefs
        layi = t.Connect
        If Left(t.Name, 1) <> "~" Then
            If Left(layi, 1) = ";" Or Left(layi, 9) = "MS Access" Then
                w = InStr(1, layi, ";DATABASE=", vbTextCompare)
                If StrComp(Mid(layi, w + 10), sabo, vbTextCompare) <> 0 Then
                    t.Connect = Left(layi, w + 9) & sabo
                    t.RefreshLink
                End If
            End If
        End If
    Next t

    SabuntaHadi = True
    DoCmd.OpenForm "Farko"
    Exit Function

Matsala:
    MsgBox "An kasa hada teburori: " & Err.Description, vbCritical
    Application.Quit
End Function

Sunayen folda, fayil da fom ka musanya su da naka. Shi modul ɗin ka ba shi suna daban da na aikin da ke cikinsa, wato SabuntaHadi, misali modHadi, domin in sunansu ya zo ɗaya Access zai rikice.

Zuciyar abin ita ce CurrentProject.Path, wadda ke faɗin foldar da fayil ɗin aiki yake a wannan lokacin. Tun Access 2000 take. Kafin nan mutane CurrentDb.Name suke ɗauka su yanke sunan fayil daga ƙarshe, shi ya sa za ka ga tsofaffin misalai suna ta wahalar yanka rubutu. Da ita muke gina sabon adireshi, mu tabbatar fayil ɗin yana nan, sannan mu bi teburori ɗaya bayan ɗaya. Sauya Connect kaɗai bai wadatar ba, sai an kira RefreshLink kafin Access ya karɓi sauyin ya ajiye.

Akwai abubuwa uku a cikin lambar da na sa da gangan. Ban goge layin Connect gaba ɗaya ba, abin da ke bayan DATABASE= kawai na sauya. Dalili, in fayil ɗin ajiyarka yana da kalmar sirri, tana zaune ne a gaban layin, bayan MS Access;PWD=, kuma in ka share ta haɗin ya mutu. A nan ka lura da wani abu: kalmar sirrin a fili take a wannan layin, duk wanda ya iya buɗe fayil ɗin aiki ya san inda zai duba zai karanta ta. Kada ka ɗauka ta tsare bayanan yara daga wanda ya tsinci filashinka.

Na biyu, teburorin Access kaɗai lambar ke taɓawa. Haɗin da aka yi da Excel layinsa da Excel yake farawa, na fayil ɗin rubutu da Text, na babbar sabar bayanai da ODBC. Misalai da yawa da ake yaɗawa ba sa bambancewa, sai su tura kowane haɗi zuwa fayil ɗin ajiya, su lalata na Excel. In kana da irin waɗannan kuma kana so su ma su bi folda, sai ka yi musu nasu sharaɗin, kana tuna cewa a haɗin fayil ɗin rubutu adireshin folda ake sawa bayan DATABASE=, ba na fayil ba. Sunayen da ke farawa da ~ kuwa ragowar teburori ne na wucin gadi da Access kan bari, tsallake su ya fi.

Na uku ya shafe mu masu rubuta Hausa kai tsaye. Yawancin misalai da umarnin Dir suke duba ko fayil yana nan. Dir ba ta iya haruffan da ba sa cikin tsohon jerin haruffan Windows, kuma ɗ, ƙ da ɓ ba sa ciki. In ka sa wa folda suna Ɗalibai ko Ƙididdiga, Dir za ta iya cewa babu fayil alhali ga shi kana kallo. Shi ya sa na yi amfani da FileSystemObject, wadda ba ta da wannan matsalar. Editan VBA, wato tagar da ka zuba lambar a ciki, shi ma ba ya riƙe waɗannan haruffa, alamar tambaya yake mayar da su, don haka ka ga na rubuta din da hada babu lanƙwasa a cikin saƙonnin. Shawarata, sunayen folda, fayil, tebur da fom ka bar su da haruffa marasa lanƙwasa. Bayanan da ke cikin tebur kuwa rubuta su da cikakkiyar Hausa, Access yana ajiye su daidai.

Saura yadda za a tayar da lambar. Ka ƙirƙiri makro, wato jerin matakai da Access ke bi da kansa, ka sa masa RunCode, a gurbin sunan aiki ka rubuta SabuntaHadi() da bakunansa, ka ajiye shi da suna AutoExec. Duk makron da ke da wannan suna Access na gudanar da shi da zarar an buɗe fayil. Sannan ka shiga File, Options, Current Database, ka tabbatar Display Form babu komai a ciki. Fom ɗin farko lambar ce za ta buɗe shi bayan ta gama, ba Access ba. In ka bar shi a can, fom mai jingine da tebur zai nemi bayanai tun kafin a gyara adireshi. In wata rana lambar ta riƙa rufe maka fayil kana son shiga ka gyara, riƙe Shift yayin buɗewa, zai tsallake AutoExec.

Yanzu ga abin da na ce ka jira. Ka ɗauka ka kwafe foldar Makaranta daga Documents zuwa filashi, ko zuwa Desktop na wannan kwamfutar, ka buɗe kwafin. Fayil ɗin aikin da ke cikin kwafin har yanzu adireshin Documents yake riƙe da shi, kuma wancan fayil ɗin yana nan daram. Babu abin da zai yi ƙara. Fom zai buɗe, sunayen ɗalibai za su fito, ka shigar da makin jarrabawa na aji guda kana ganin a filashi kake zubawa, alhali a Documents suke sauka. Ka je gida ka buɗe, babu su. Ko kuma akasin haka: ka kwafi folda don gwaji, ka goge bayanai kana cewa ai kwafi ne, ashe na gaskiyar kake gogewa. Wannan ya fi saƙon kuskure muni nesa ba kusa ba, domin sai bayan kwanaki ake ganewa, lokacin da fayil biyu kowanne ya ɗauki rabin gaskiya.

Saboda haka lambar da na ba ka ba ta tambayar ko tsohon haɗin yana aiki. Akwai masu rubuta tasu ta gwada buɗe tebur, in ya buɗu su ce lafiya, in ya ƙi sannan su gyara. Ga mai yawo da folda wannan kuskure ne babba, don tsohon haɗin yana iya aiki kuma ya zama ba shi ake so ba. Tamu tana kwatanta adireshin da ke rubuce da wanda ya kamata, in sun saɓa ta gyara, ko tsohon na aiki ko ba ya aiki. In kuma ba ta ga fayil ɗin ajiya a gefenta ba, ta faɗa ta rufe. Na fi son ta rufe da ta koma wa tsohon wuri a ɓoye.

Wannan haɗarin yana da wata ƙofa ta biyu, wato tsaron Access. Tun daga Access 2007, fayil ɗin da ba ya cikin amintaccen wuri ana buɗe shi ne da lambobinsa a kashe, sai ka ga saƙon gargaɗi a sama, wanda tun Access 2010 yake ɗauke da maɓallin Enable Content. Muddin ba a danna ba, SabuntaHadi ba ta gudana, tsohon adireshi na nan. Dalilin da ya sa na nace fom ɗin farko ya fito daga lambar ke nan: in ba ta gudana ba, mai aiki ba zai ga fom ba balle ya fara rubutu. Don kada a riƙa tambaya kullum, a kowace kwamfuta ka shiga File, Options, Trust Center, Trust Center Settings, Trusted Locations, ka ƙara foldar, ka yi alama a akwatin da ke haɗa ƙananan foldoji. Wannan amincewar a kwamfuta take zama, kuma ga mai amfani ɗaya, ba ta bin filashi. Ita ma cikakken adireshi take riƙewa, don haka in harafin filashi ya canza sai an sake. Maganinsa, a kwamfutocin da ka saba aiki da su ka shiga Disk Management ka ba filashin harafi na can ƙasa, kamar M ko R, wanda wani abu ba zai riga shi ba. Ban ba ka shawarar amince wa duk abin da aka soka a E ba, domin filashin kowa a nan yake fitowa, har da mai ɗauke da cuta.

In ta intanet aka turo foldar, akwai ƙarin mataki. Daga 2022 Microsoft ta fara toshe lambobin fayilolin da Windows ta yi wa alamar cewa daga intanet suka zo, kuma a nan ba a ma ba ka maɓallin Enable Content. Sai ka danna fayil ɗin da dama, Properties, ka yi alama a Unblock. In a dunƙule ya zo cikin zip, ka yi wa zip ɗin kafin ka warware shi. Kuma a warware shi tukuna. Wanda ya buɗe fayil ɗin aiki daga cikin zip, Windows shi kaɗai take cirowa ta ajiye a foldar wucin gadi, babu Ajiya a gefensa.

Ƙaramin abu da nake sa wa kowane rumbu irin wannan: a ƙasan fom ɗin farko, akwatin rubutu mai nuna adireshin fayil ɗin ajiyar da ake aiki da shi yanzu, wanda aka ɗauko daga Connect na ɗaya daga cikin teburorin. Kallo ɗaya ya isa mutum ya san ko a filashi yake ko a kwamfuta. In wani ya kira ka a waya yana cewa bayanai sun ɓace, abin da za ka fara cewa ya karanto maka ke nan.

Hotuna ma haka. Kada ka ajiye C:\Users da sauransu a cikin tebur. Ka ajiye guntun kawai a gurbin tebur mai suna Hoto, kamar Hotuna\0123.jpg, sannan a Control Source na akwatin hoto ka rubuta =[CurrentProject].[Path] & "\" & [Hoto]. Barin hotuna a folda ya fi cusa su cikin rumbun, domin fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, hotunan waya kuwa ba su da wuyar cinye wannan.

Duk bayanin nan na mutum ɗaya ne mai ɗaukar rumbunsa daga wuri zuwa wuri. Ranar da makarantar ta ce mutum uku za su riƙa shigar da bayanai lokaci guda, tsarin ya canza. A nan fayil ɗin ajiya wuri ɗaya zai zauna, a kwamfutar da aka buɗe wa sauran folda, kowa kuma da nasa kwafin fayil ɗin aiki a tasa kwamfutar. Ka ga ke nan ba sa gefen juna, CurrentProject.Path ba ta da amfani. Abin da ya dace shi ne adireshin da ke farawa da sunan kwamfuta, kamar \\OFIS\Makaranta\Makaranta_be.accdb, wanda bai damu da harafin faifai ba. Kada a ce don a ci moriyar lambar nan kowa ya buɗe fayil ɗin aiki guda daga foldar da aka raba. Hanya ce sananniya ta lalata shi. Haka nan kada a sa fayil ɗin ajiya a OneDrive, Google Drive ko Dropbox da nufin mutum biyu su yi aiki tare. Waɗannan fayil sukutum suke kwafewa, ba su san layin tebur ba, ƙarshenta ko aikin wani ya danne na wani ko a sami kwafi biyu masu saɓani.

Game da filashin kansa, Access yana rubutu a fayil ɗin ajiya a duk lokacin da ka bar layi zuwa wani, ba ya jiran ka danna ajiyewa. In aka zare filashi ko wuta ta ɗauke wa kwamfutar tebur ana tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa. Yayin da rumbu ke buɗe za ka ga ƙaramin fayil mai ƙarewa da .laccdb a gefensa, ko .ldb in tsohon .mdb ne. Ka rufe Access, ka ga ya ɓace, sannan ka cire filashi ta hanyar Eject. Kafin kowane babban aiki, kamar shigar da sakamakon zango, ka kwafi fayil ɗin ajiya zuwa wani wuri da kwanan wata a sunansa, kuma kwafin ya kasance ba a kan filashin kaɗai ba. Sannan ka yanke wa kanka hukunci ɗaya: wace folda ce uwa. In filashi ne, to a ofis ma daga filashi za ka buɗe, tsohuwar foldar Documents kuma ka sauya mata suna ko ka kawar da ita. Lambar tana haɗa fayil ɗin aiki da ajiyar da ke gefensa, amma ba ta haɗe bayanan foldoji biyu da aka yi aiki a kowacce.

Kafin ka saki jiki, gwada shi haka. Kwafi foldar zuwa Desktop ka bar ta asali a inda take, buɗe kwafin, duba adireshin da ke ƙasan fom, dole ya nuna Desktop. Ƙara ɗalibin gwaji, rufe, buɗe ta asali ka tabbatar ba ya ciki. Sai ka sauya wa foldar Ajiya ta kwafin suna ka sake buɗewa. Abin da ake so shi ne saƙon ba a ga fayil ba, sannan Access ya rufe. In fom ya buɗe da bayanai a wannan halin, to lambar ba ta gudana, ka koma ka duba sunan AutoExec, da Display Form, da Trusted Locations. In saƙon da ya fito na an kasa haɗa teburori ne, mafi yawa akwai tebur a fayil ɗin aiki da aka goge ko aka sauya wa suna a fayil ɗin ajiya. Goge wannan haɗin ka sake haɗo shi ta External Data.